Murmushin Malamar Nukkai

Maishanu kafinta yana gyaran benci a bayan aji, a wata sakandare da ke Nukkai, amma hankalinsa na kan malamar. Bai san sunanta ba. Doguwa ce siririya, da mayafi ruwan toka, yatsunta duk alli. Tana koya wa ɗalibai yadda ake gane halin da mutum ke ciki ko bai buɗe baki ba. Ta ɗaure fuska, su ce fushi. Ta sunkuyar da kai, su ce kunya.

Sai dai duk sanda wayarta ta motsa a kan tebur, sai ta ɗan razana. Ba ta dubawa, ba ta kuma kashewa. Maishanu yana ta saƙe-saƙe: majinyaci ta baro a asibiti, ko gidan ne babu daɗi?

Ta saki murmushi. "Wannan fa?"

"Farin ciki!" in ji ajin.

Wata yarinya ta ɗaga hannu a hankali. "Malama, bakinki ne ke dariya. Idonki kam a'a."

Malamar ta juya, ta daɗe tana goge allon da babu rubutu a kansa.

"Kin canka, Khairiyya," ta ce, ba ta waiwayo ba.