Itacen da Kaka Ta Hana a Sara

Warin laka ne ya fara dukan hancina tun ban kashe mota ba. Ana gab da gasar ƙwallon duniya, Doha ta cika da tutoci, ni kuwa na ɗauko 'ya'yan maigidana daga unguwar Al Aziziya zuwa gaɓar teku ta arewa, inda makarantarsu ke dashen itatuwan nan masu tsira cikin ruwan gishiri. Larabawa gurm suke ce musu, mu a gida itacen laka muka sani. Direbobi aka bari cikin motoci, amma na kasa zama. Na cire takalmi na naɗe wando, malamarsu ta dube ni ta ce, "Yalla!" wato in taho. Kafin azahar duk direbobin sun shiga laka.

Ka ga, cikin wannan warin na girma. Zangonmu, wato unguwarmu ta baƙi, yana bakin wani tafkin gishiri a kudancin Gana, can gangare inda masu gari ba su ga amfanin wurin ba. Kakata ta wajen uba bandar kifi take yi. Hayaƙin itacen laka ke ba kifi jan nan mai ƙyalli, don haka kowa sara yake, babu mai dasawa, har gaɓa ta zama fili. Wata damina ruwa ya taso. Gidajen masu gari suna kan tudu, mu ne ya shigo mana har ƙarƙashin gado. Ina tuna tabarmar Kaka tana yawo a tsakar gida, mu yara muna ta dariya, manya sun yi jugum.

Sai dattawan gari suka ce a sake dashe, za a raba gaɓa gida-gida. Ba a kira Zango ba. A al'adarsu wanda ya dasa shi ke da wurin, 'ya'yansa su gada, mu kuwa baƙi ne ko da a nan aka yanke wa kakanka cibiya. Mazan Zango suka ce a yi haƙuri, kada a tsokani masu masauki. Kaka ba ta da irin wannan haƙurin. 'Yar ƙaramar mace ce mai taurin kan tsiya, ko kakana lallaɓa ta yake yi.

Ranar rabo ta naɗe jiƙaƙƙiyar tabarmar nan, ta ja matan Zango da mu jikoki, ta je ta shimfiɗa ta a gaban dattawa. Da yarensu ta yi magana, don ta fi wasunsu iya shi.

"Ruwan da ya shiga ɗakina bai tambayi garin ubana ba. Ku ba mu namu gefen mu dasa, ko ɗayanku ya zo ya kwana kan wannan."

Babban dattijon ya ɓata rai ya ce ba a taɓa yi ba. Amma matan masunta, waɗanda kullum ita ke sayen kifinsu, suka taso ɗaya bayan ɗaya suka tsaya bayanta. Da mazan gari suka ga abincin darensu na neman shiga rigimar, sai suka sauko. Aka ba mu gefen da kowa ya ƙi, mai laka har cinya, wanda ke fuskantar Zango. Shi take so tun farko.

Mun sha wuya a damunar nan. Ƙaguwa ta cije mu, ɓawon kawa, dodon-koɗin ruwan nan mai kaifi, ya tsattsage mana ƙafafu, Kaka tana shafa mana man kaɗanya tana yi mana tsiya wai ragwaye. Itatuwa suka girma suka tare ruwa, ta kuma hana kowa taɓa ko reshe ɗaya. Da ɓawon kwakwa ta ƙarasa sana'arta, ana tsokanarta wai ta dasa wa tsuntsaye.

Lokacin korona ta rasu, jirage a tsaye, ina kulle a ɗaki a Doha. Ƙanena ne ya riƙe mini waya na ga jana'iza. Ka san ana jera itace a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Ana cikin neman itacen sai ga ɗan da dattijon nan da ya ƙi mu ya haifa, shi ma ya yi furfura, da adda a hannu. Ya durƙusa gaban limaminmu ya ce a sara daga gefen Zango.

"Nata ne," ya ce. "Wa ya fi ta cancanta?"

Na yi kuka har muryata ta dushe, amma wallahi alfahari ya fi baƙin cikin yawa.

Yau ba a zaman shawara kan gaɓa a garinmu sai Zango ta iso, ƙanwata ce ke zama a kujerarmu, yara kuma sun ɗauka haka aka saba tun da. Matar da aka kira baƙuwa tana kwance cikin ƙasar, itacenta a kanta, babu mai iya ce mata ta tashi.