Kwalbar da Na Rubuta wa Suna da Hannuna

Kafin in zama abin da na zama, ni yaro ne mai shiru. A Ƙaura Namoda na taso, ina karatun kimiyyar haɗa magunguna a wata makaranta ta gaba da sakandare. Ba na shaye-shaye, ba na zaman majalisa. Abin da aka san ni da shi littafi ne da kyan rubutu. Na faɗi wannan ne don ku sani, mai ladabi ma yana iya yin kisa.

Abin ya faro ne daga mahaifiyata. Tun da 'yan bindiga suka fara tare hanyar Shinkafi, inda mahaifina ke jan mota, wuyanta da kafaɗunta suka sandare, barci ya ƙaurace mata. Na yi bincike a kan mayukan tausa masu ƙamshi, na haɗa mata man riɗi da 'yan ɗigon man na'a-na'a. Ƙanwata ta riƙa murza mata bayan la'asar. Ta samu sassauci ƙwarai. Yanzu na gane rabin maganin hannun 'yarta ne da hirar da suke yi, amma a lokacin na ɗauka gwanintata ce.

Maƙwabta suka ji, suka zo. Na sayi ƙananan kwalabe, na riƙa rubuta takarda da hannuna ina liƙawa: Man Natsuwa. A ƙasa in sa sunana da unguwarmu, saboda alfahari.

Man na'a-na'a na gaske yana da tsada. Wata rana ya ƙare, ga mutane suna jira, sai na ɗiga turaren kanti a cikin man gyaɗa. Ba wanda ya gane. Daga nan zuciyata ta bushe. Da wasu suka ce ƙamshin ba ya ratsa su, sai na daka kafur, irin wanda ake sawa cikin akwatin tufafi, na narka a ciki. Na san guba ne idan ya shiga ciki, don da hannuna na rubuta haka a jarrabawa.

Na fara bin kasuwanni, Shinkafi da Moriki da Zurmi. Masu sayena yawanci mutanen ƙauyukan da aka kora ne. Ina gane su daga nesa, ko ƙarar babur suka ji sai su waiwaya. Tsoronsu shi ne jarina.

A kasuwar Zurmi wata dattijuwa mai suna Inna Asabe ta tsaya gaban tabarmata. Ta ce mijinta, Malam Bawa, tun ranar da aka harbe ƙanensa a gona bai ƙara yin barcin kirki ba, zaune yake kwana yana sauraren daji. Ta shinshina kwalbar, ta lumshe ido.

"Ɗana, wanga a sha a shafa ne?"

Kowa ya san al'adarmu. Magani in ba a sha an shafa ba, gani ake bai cika ba. Mutum biyar ne tsugune a wurin suna jiran amsata. In na ce kada a sha, za su tambayi me ke ciki. Na sunkuyar da kai ina gyara jerin kwalabe.

"Ɗan kaɗan ba ya komai, Inna," na ce.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan makaranta," in ji ta, ta ƙulle kwalbar a bakin gyalenta.

Na bi ta da kallo har ta shige layin masu gero. Ƙafata ƙalau, bakina ƙalau. Ban tashi ba, ban kira ta ba.

Bayan kwana huɗu ina gida ina yanka takardun liƙawa, aka yi sallama. 'Yan sanda biyu ne da wani ɗan Malam Bawa. Ɗan ya ɗaga kwalbar, ya nuna mini rubutuna.

"Malam, hannunka ne wannan?"

Na ce nawa ne. Ya ce tsohon ya sha cokali biyu, jikinsa ya kama karkarwa, yana kumfa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Mahaifiyata tana bayan ƙyaure tana ji. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Ni ma shi kake ba ni?" Wannan tambayar ta fi ankwar da suka sa mini nauyi.

Na yi shekaru a gidan yari. Can na san ciwon da nake ciniki da shi, domin ni ma barci ya guje ni, kuma ba wata kwalba da za ta dawo mini da shi.

Da na fito, na tuba ga Allah, na nemi Inna Asabe. Na same ta a gidan ɗanta a Zurmi tana tsince dawa a faifai. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ta ajiye faifan a gefe.

"Na yahe maka tun tuni," ta ce. "Amma kai an ɗaure ka, ka biya, ka hito. Ni da na ɗaga mai kai na ba shi da hannuna, wa za ya ɗaure ni in huta?"

Na yi mata sallama na fito, har yau tambayarta tana bina.

'Yan uwana matasa, man tausa na fata ne, ba a shan sa, kuma duk wanda ya ƙi faɗa muku abin da ke cikin kwalbarsa ku bar masa kayansa. Ku kuma da Allah ya ba ilimi, ku ji tsoron ranar da marar sani zai dube ku ya tambaye ku gaskiya. Ni an tambaye ni. Numfashi ɗaya ya isa in ce kada a sha, da tsohon nan ya kwana da ransa, ko da a zaune ne.