Muryata a Wayar Makiyaya

Maganin dabbobi nake sayarwa a Isa, ranar kasuwa kuma in ɗaure kwalayena a bayan babur in nufi Bafarawa. Makiyaya Likita suke ce mini, ko da yake ban yi karatun likita ba. Da waya ta yawaita, sai muka saba da saƙon murya. Mutum yana ruga zai kwatanta mini yadda saniyarsa take tari, in gaya masa abin da zai ba ta. Idan allurar rigakafi ta iso in sanar, kowa ya turo kuɗinsa ta wajen masu POS, in ajiye masa.

Wata damina gilashin wayata ya fashe, na kai wa abokina mai gyaran waya a bakin tasha. Tare muka yi makarantar allo a zauren mahaifinsa, shi ne kuma babban abokina ranar aurena. Ya ce sai an kawo gilashin daga Sakkwato. Na bar masa wayar, har da lambobin buɗe ta, ban ji komai a raina ba.

Bayan ta dawo hannuna, ina rumfata a Bafarawa sai ga wani dattijon ardo da muka daɗe muna hulɗa. Muka gaisa, ya ce ya zo karɓar allurar.

"Wace allura, Baffa?"

Ya ciro wayarsa daga aljihun 'yar shara ya kunna. Na ji muryata tana cewa allurar ciwon huhu ta iso, kowa ya turo nasa. Saƙon bara ne, na gane shi da kukan akuyar da ke bayansa. A ƙarƙashinsa an rubuta lambar asusun da ba nawa ba. Kafin la'asar makiyaya sun cika gaban rumfar, kowa da saƙo iri ɗaya.

Wurin abokina na fara zuwa. Ya riƙe baki, ya ce, "'Yan damfarar intanet ne sunka shiga layinka. Daga Kudu suke yi. Tashi, za ni raka ka ofishin 'yan sanda." A babur ɗinsa muka je. Jami'in da muka tarar ya saurara da haƙuri, amma ya ce ba su da na'urar bin irin wannan sawu, sai an tura Sakkwato, kuma banki ba ya sakin bayani sai da takarda. Abokina ne ya riƙa yi masa bayanin yadda ake satar layi, jami'in yana gyaɗa kai. Da muka fito ya saya mini fura, ya ce in bar wa Allah.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Ba wanda ya zage ni, sai dai saƙonni suka ɗauke. Wasu shanun da ba a yi wa allura ba suka kwanta. Na sayar da babur ɗina na sayo allurar na raba, duk da haka a kasuwa mutane sukan gaishe ni daga nesa su wuce.

A lokacin masu POS na garin sun sha kuka da irin wannan damfara, sai suka yi shawara a tsakaninsu cewa duk mai cirar kuɗi daga asusun da ba nasa ba sai an ɗauki hotonsa. Wata rana ɗaya daga cikinsu, wata mata mai shago kusa da masallacin Juma'a, ta aiko a kira ni. Ta ce lambar asusun da nake ta nuna wa mutane ta sake fitowa a na'urarta. Ta juyo mini da wayarta. Abokina ne a hoton, da hular da na kawo masa tsaraba daga Maraɗi.

'Yan sanda suka ɗauke shi a ranar. Asusun na ƙanen matarsa ne. A gaban jami'in nan da ya yi wa darasi, ya amsa komai. Na tambaye shi abu ɗaya kawai.

"Ranar da ka raka ni nan, me kake ji?"

Ya ce, "Na san ba za su gano ba." Bai ɗaga kai ba.

Dattawa suka shiga maganar, mahaifinsa da ya koya mini karatu ya zo gidana da kansa da sandarsa. Ban iya kallon idonsa in ce a'a ba. Aka yi sulhu, dangi suka biya, aka sake shi.

Shagonsa yana nan a bakin tasha, mutane suna kai masa gyara. Ni na canza hanyar da nake bi zuwa kasuwa. Ardo ya dawo saye a wurina, amma da ƙafarsa yake zuwa, kuma sai ya ga kwalbar a hannuna kafin ya kwance lalitarsa. Ban ga laifinsa ba.