Ajuma da Buban Mafarkinta

Ajuma mai daudawa ta Dumega ba ta bar gona ba, ba ta bar gidan da ake kira da sunanta ba, kuma waɗanda suka san ta sun kusa ƙarewa. Gajeruwa ce, baƙa, da tsagen Arawa daga gefen baki har kunne. Sana'arta daudawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa: a dafa, a daka, a rufe cikin tukunya har ta tashi. Daudawar zamanin nan ba ta kai ta Ajuma ba. Idan ta buɗe tukunya, wanda ke bakin kasuwa ya san ta buɗe.

Warin nan ya zauna mata a hannu. Ta wanke da toka, ta wanke da sabulu, yana nan. Har ta saba da shinshina tafin hannunta ba tare da ta sani ba, kamar yadda wani ke shafa gemu. Tun tana budurwa, wata rana tana barcin rana ƙarƙashin rumbu, ta ga kanta a wata kasuwa, ta kai hannu hanci ta ji babu wari ko kaɗan. Nan take ta gane mafarki take yi, kuma ba ta farka ba. Ta tsaya tsakiyar kasuwar tana kallon mutane, tana sane cewa jikinta yana can kwance a inuwa.

Daga ranar abin ya zama nata. Wata da ta samu wannan sai ta tashi sama kamar shirwa, ko ta zauna ta ci nama ta ƙoshi. Ajuma tambaya take so. Duk wanda ya zo mata a mafarki sai ta tare shi: kai wane ne, daga ina ka fito? Zalihatu, uwar bori ta unguwarsu, ta ce mata iskoki ne ke aron fuskokin mutane, ta bar tsokanarsu. Malamin masallaci ya ce wasu mafarkan na Shaiɗan ne, ta tofa yawu hagu ta yi shiru. Ta gode wa kowannensu, ta ci gaba da tambaya.

A shekarun babban yaƙin Turawa na farko, aikin tilas ya tsananta a ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa. Gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, sukan zo daga Dogon Dutsi su kwashi maza zuwa aikin hanya. Da an hango jar hularsu sai maza su watse cikin daji. Wata damina Idi, mijin Ajuma, ya ɓuya tare da wasu cikin wani kwazazzabo da babu wanda ya san shi sai makiyaya. Gardawa suka kama Buba, wani Bafillace da ruggarsa ke gabas da gari, suka ce ko ya nuna musu maɓuyar ko su kora shanunsa. Ya nuna. Ajuma tana tsaye bakin darni da suka wuce da mazan a igiya, Buba yana gaba da sandarsa a kafaɗa, saurayi sosai, dogo, yana tafiya da sauri. Idi bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce tari ya kashe shi, an rufe shi gefen hanya, amma ba su iya faɗin wurin ba.

Ya kamata a san wani abu a nan, don yaran yanzu sun fara mantawa. Tsakanin Arawa da Filani akwai wasa. Bafillace ya shigo kasuwa a ce masa ɓarawon hatsi, shi kuma ya ce bayinsa sun yi ƙiba, kowa ya yi dariya. Zagin nan shi ne zumunci. Kafin kamun Idi, bakin Ajuma ya fi na kowa kaifi kan Buba, har yakan zagayo ta rumfarta don kawai ya sha zagi. Bayan kamun ba ta ƙara zaginsa ba. Ba ta ƙara ɗaga ido ta dube shi ba. Idan ta ji ƙarar shanunsa sai ta juya baya. A ƙasar Arewa babu ƙiyayyar da ta wuce wannan.

A mafarki kuwa yana zuwa mata kullum. Yakan tsaya bakin darni da sanda a kafaɗa, ba ya cewa komai. Shi kaɗai ne ba ta taɓa yi wa tambaya ba. Da ta gan shi sai ta juya masa baya, a can ma.

Sai bayan shekara kusan talatin aka soke aikin tilas, wasu shekaru suka ɗan wuce. Wata bazara sanƙarau ya shigo garuruwan fadama. Kubra, ɗiyar Ajuma ɗaya tilo, wadda ke aure a unguwar yamma, ta kwanta wuya a sanƙare. Cikin zafin zazzaɓi ta yi ta ihu: ga Buba nan, ya tsaya bakin ƙofa, a kore shi. Kafin hantsi gari ya ɗauka cewa Buba maye ne, ya kama kurwar Kubra.

Jibo, wan marigayi Idi, shi ya zo wa Ajuma da maganar. Ya tarar da ita tana fifita ɗiyarta.

"Ajuma, kin ji abin da yarinyar ga tac ce."

"Na jiya, Yaya."

"Mai gari ya ce bakin mai zazzaɓi shi ɗai bai isa ba, sai da na biyu. Ke kau kowa ya san kina ganin mutumen ga, kuma naki gani ba irin na kowa ba ne. Gobe ki tashi gaban mutane ki ce shi ne. A tuɓe shi, shi tsallaka ta, shi saki kurwarta. Daga nan shi da ƴaƴanshi da shanunshi kar mu ƙara ganinsu bakin rijiyarmu."

Ajuma ta san abin da hakan ke nufi. Wanda ya tsallaka maras lafiya ya amsa maita, kuma maita gado ce, ƴaƴan Buba mata babu mai aurensu har abada. Ga bazara, rijiyar Dumega ce kaɗai mai ruwan da zai ishi garke a wannan kusurwa. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rushe shi. Ta daɗe tana son ganin ranar nan. Zuciyarta ta yi sanyi kamar ta sha ruwan randa.

Amma sai ta ce, "Bari in tambaye shi tukuna."

"Ki tambayi wa? Maye zai ce miki shi maye ne?"

"Ba wancan ba. Wanda ke zo mini."

Jibo ya yi tsaki. "Ɗiyarki tana mutuwa ke kina zancen barci."

Ba tausayi ya sa ta ba. Tsoro ne. Idan ba Buba ke riƙe da Kubra ba, za a ɓata rana kan tsallake, abin da ke cin ta yana ci. Da rana ta take, ta bar Kubra hannun uwar mijin yarinyar, ta shiga ƙarƙashin rumbu ta kwanta. Gajiyar jinya ta ɗauke ta nan da nan.

Ta ga kanta bakin darni. Ta shinshina hannu, babu wari. Ga shi nan tsaye, sanda a kafaɗa. Wannan karo ta tafi har gabansa.

"Kai ne Buba?"

"Ni ne."

"Ina anka rufe mai gidana?"

"Gefen hanya."

Wannan ta riga ta sani. Ta sha yi wa uwarta da ta rasu irin tambayar nan a mafarki, ta lura amsar ba ta taɓa wuce abin da ke cikinta ba. Sai ta nemi abin da Buba na gaske ya sani ita ba ta sani ba.

"To yi mini Hillanci. Kira shanunka da sunayensu, yadda kake yi bakin rijiya."

Ya buɗe baki ya ce, "Kosam."

"Nono ke nan. Wannan ko akuyata ta san shi. Ƙara."

"Nagge. Jam."

Saniya, lafiya, nono. Iyakar Fillancin da Ajuma ta tsinta a kasuwa ke nan wajen masu tallar nono. Ta matsa masa, ya yi ta juya kalmomin nan, daga baya sai bakinsa ya riƙa motsi babu sauti. Haushi ya kama ta, ta fizge sandar, sai ta farka da kara a hannu.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗaura zane ta nufi rijiya, inda ta san yana shayarwa. Mata masu ɗibar ruwa suka dare, suka yi cirko-cirko. Ajuma ta tsaya ta ɗaga ido ta dubi Buba, karo na farko tun ranar igiya.

Wanda ta gani ba dogon saurayin nan ba ne. Gemunsa ya yi furfura, haƙoran gaba sun zube, yana jan ƙafar hagu, wadda wani bijimi ya taɓa soka. Gari duka ya san da wannan gurguntar, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Yana jan guga yana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya da sunaye masu tsawo, ba ta gane ko guda ba.

Ya gan ta, ya saki igiya. "Uwar Kubra. Na ji abin da aka shirya mini gobe."

"Ban zo gaisuwa ba."

"Na sani. In kin ce in tsallaka, tilas in tsallaka. Amma ki sani ƴaƴana mata za ki kashe, ba ni ba."

"Kai ka yi shawara da ni ranar da ka kai su kwazazzabo?"

"Shanuna sunka ce za su kora."

"Ga su nan kau, sun yi ƙiba. Wace ce cikinsu ka musanya da uban ɗiyata? Nuna mini ita in gaishe ta."

Buba ya sunkuyar da kai. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, kamar mai tantance hatsi, ta juya ta tafi.

Washegari da hantsi aka taru ƙofar mai gari. An kawo Buba, an zaunar da shi a rana. Jibo ya yi magana mai tsawo, sannan aka ce Ajuma ta faɗi abin da take gani.

Ta ce, "Ina ganin wani mai kama da shi, shekara da shekaru. Jiya na tambaye shi. Bai iya Hillanci ba, sai ɗan wanda ni na iya. Ba shi da hurhura, ba shi ɗingishi. Buban ranar da anka kama mai gidana ne, bai tsuhwa ba. Kubra tana ƙarama amma da hankalinta a ranar, tana riƙe da zanena, ita ma shi ta gani. Wancan da ke zaune, ba shi ba ne."

Wuri ya kaure. Jibo ya miƙe yana nuna ta da yatsa. "Maye bai iya sake kama? Ko nono Bahillacen ga ya ba ki?"

"Yaya, wanda ya sake kama don shi ɓoye, da fuskar wani zai zo, ba da tashi ba."

Zalihatu ta ce daga cikin mata, "Doguwa ce ta ari fuskarshi, na daɗe da gaya miki."

"To in doguwa ce, Inna, ku kaɗa mata goge ku ba ta abin da take so. In kuma daga cikina ya hito, ni zan ji da shi. Ko wanne ne, ba wannan tsohon banzan ba ne. Na so ya zama shi. Allah ya sani na so."

Mai gari ya ce baki na biyu bai samu ba, kowa ya watse. Jibo ya tofar da yawu gabanta, ya ce daga yau babu shi babu ita, kuma idan yarinyar ta mutu jininta yana wuyan uwarta.

Kubra ba ta mutu ba. Zalihatu ta yi mata nata, mijinta kuma ya ɗora ta kan jaki zuwa wajen lokotoro, likitan Turawa, ba a san wanne ya yi aiki ba. Ta tashi, amma kunnen dama ya toshe har ƙarshen ranta. Jibo ya riƙa cewa da an yi tsallake da kunnen yana nan. Gidansa da rabin unguwa suka daina sayen daudawar Ajuma, sai ta koma ɗaukar ƙwarya a ka zuwa kasuwannin nesa, har ƙafafunta suka gaza. Ita ma Kubra, in ranta ya ɓaci, takan juya wa uwar toshasshen kunnen.

Ajuma ta ce na mafarkin bai daina zuwa ba, sai dai ya daina tsayawa bakin darni. Yakan zauna gefe yana cewa kosam, ita kuma tana aikinta.

Buba na gaske ya ci gaba da shayarwa a rijiyar Dumega, ya aurar da ƴaƴansa. Da kaka ta yi, ya zo rumfarta ranar kasuwa yana jan ƙafa, ya ajiye ƙwaryar man shanu, ya tattara ƙarfin hali ya ce, "Baiwata, wannan wari naki har rugga yake hana mu barci."

Mutanen kusa suka juyo, suna jiran bakin Ajuma na da. Kalma ɗaya ta zagi ta isa ta mai da komai wurinsa.

Ta tura ƙwaryar da ƙafa zuwa gabansa, ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Buba. Ina gajiya? Ina iyali?"

Ya ɗauki mansa ya tafi. Sun ƙara shekaru masu yawa a gari ɗaya, har ta rasu dab da samun mulkin kai, kuma ba ta taɓa zaginsa ba ko sau ɗaya.