Tafiyar da Likita Ya Ɗora Mini

Da hawan jini ya kama ni, likita ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai na riƙa tafiya a ƙasa rabin awa kullum da safe. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na manta a unguwarmu ta Gidan Dahala kowa ya san ni.

Ranar farko ko bakin titi ban kai ba maƙwabcina ya taka birki. “Alhaji, lafiya? Shigo in kai ka.” Na ce motsa jiki nake yi. Ya dube ni kamar na zage shi. Kafin in juyo, ’yan kabu-kabu uku sun tsayar da baburansu. Mako bai cika ba ƙanwata ta zo da jajayen idanu, wai ta ji an ce na sayar da mota.

Na gaji da bayani. Sai na koma tuƙa motar zuwa hanyar Wamakko, in ajiye ta gefen gonakin gero, in yi tafiyata inda ba wanda ya san ni. Kwana biyu na samu sarari.

A rana ta uku wani dattijo ya tsayar da keken shanunsa. Ya dubi motar, ya dube ni ina haki.

“Alhaji, mota ta ɓaci? Hau in kai ka gari.”

Na buɗe baki zan fara labarin likita, sai na ji ba ni da ƙarfin maimaita shi. Na hau.