Akwatin da Ba Shi da Baki

Duk sanda wayata ta yi rawa a tafin hannuna, ƙanena nake tunowa, sai in ji zuciyata ta karye.

A Madabo aka haife mu, gidan dukawa, inda ƙanshin fata ba ya barin zaure. Wata bazara sanƙarau ya kama shi. Ya tashi, amma ba ya ji. Kakarmu ta yi ta ɗiga masa man shanu mai ɗumi a kunne, ya sha rubutu har ya gaji, shiru. Sai dai ya iya magana kafin ciwon, ga ido kamar me. Bakinka yake kallo ya gane abin da ka faɗa.

Da mai unguwa ya zo ɗibar yara zuwa elementare, tare aka rubuta mu. Baba bai so ba.

"In ya faɗi jarrabawa, ga basillar ɗinkin fata nan tana jiransa," ya ce.

Malaminmu dattijo ne mai lura. Ya zaunar da shi gaban aji, kuma ba ya magana sai ya juyo daga allo. Nan da nan ƙanena ya wuce ni a lissafi, har kaka tana mini tsiya wai kunnuwana na ado ne.

Bayan damina aka yi wa dattijon canji. Sabon malam ya zo da akwatin rediyo, na katako, fuskarsa rufe da ƙyalle, aka ɗora shi bisa kabad. Daga cikinsa darasi ke fitowa, mu maimaita, malam na tsaye ya ba mu baya yana murɗa shi. Mu murna har kunne. Ƙanena kuwa ya zura wa ƙyallen ido, ya taɓo ni.

"Yaya, ina bakinsa?"

Wata rana ya hau benci ya ɗora tafinsa a jikin katakon. Ban taɓa ganin fuskarsa ta washe haka ba.

"Yana magana! Ina jinsa a hannuna!"

Malam ya tsula masa bulala a hannun, wai kayan hukuma ne, ya mai da shi can bayan aji. Daga nan ko bakin malam ba ya hangowa. Ranar jarrabawa takardarsa fara ya miƙa. Baba bai yi faɗa ba, basillar kawai ya ba shi. Ƙanena ya ninke kakinsa na makaranta da kansa ya sa ƙarƙashin tabarma.

Yau a makarantar jikata, yara irinsa suna da ɗan abu a bayan kunne, ga allo mai nuna fuskar malama ƙatuwa. Na ɗauko hoton bidiyo a waya na kai masa zauren nan, inda ya tsufa yana ɗinkin fata. Ya riƙe ta, ya ji tana rawa a tafinsa, ya yi murmushi.

"Yaya, wannan tana da baki?"

Na gyaɗa kai. Bai gani ba, yanar tsufa ta riga ta rufe idanun nasa.