Baba Zarami, Mai Masaukin Bakin Kacalla

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 5 ga Nuwamba, 2024, ina tsaye gaban allo a makarantarmu da ke Haɗeja, ɗanka Buba ya kira ni ya ce Allah ya karɓi abinsa. Ka cika a kan tabarmarka, bayan jinyar kwana tara. Na ajiye alli, na ce wa ɗalibaina su yi maka addu'a. Fiye da rabinsu sun taɓa kwana a gidanka.

Ga wanda bai san ka ba, Baba, masaukinka bukkoki shida ne kewaye da zana, a bakin burtalin da ya gangara fadama daga wajen Birniwa. Dillalan shanu ke sauka a can, da masu allurar dabbobi, da makiyayin da rana ta faɗi masa a hanya. Sai mu, da nake kai ɗalibai duk shekara idan ruwa ya fara janyewa, su ga da idonsu tsuntsaye da ƙoramun da nake zana musu a allo. Kowace bukka a share take, da randa cike da ruwa. Ba ka tambayar baƙo daga ina yake sai ya sha fura. Na tuna shekarar da Malam Jacob, abokin aikina ɗan Kagoro, ya kwanta zazzaɓi a wurinka. Ka bar masa bukkarka, ka koma gindin tsamiya har ya miƙe.

Amma ƙa'idarka ɗaya ce, kuma ba ka ɗaga ta ga kowa. Kafin baƙo ya ajiye jaka, sai ka kai shi bayan masaukin ka nuna masa kacalla, ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo, wadda ta shimfiɗu har inda ido ya ƙare. Sai ka ce: "In ka ɓata a ciki, tsaya inda kake. In ka ji an kira sunanka, kada ka amsa, kada ka bi. Mu a gidan nan ba ma kiran mutum a cikin kacalla. Saniya za ta zo. Kama wutsiyarta."

Na ji wannan magana sau huɗu, kuma sau huɗu ina murmushi a ciki. Ni malamin labarin ƙasa ne. Na san amsa-kuwwa, na san ruwa yakan ɗauki murya ya juya ta.

A zuwanmu na biyar, bayan sallar azahar, rana tsaka, na tara ɗalibai na buɗe rajista. Na kira Jannat, shiru. Wata ƙawarta ta ce ta bi wani tsuntsu za ta ɗauki hotonsa. Ƴar mutane ce, uwarta da kanta ta kawo ta bakin mota ta ce, "Malam, amana." Gefe guda na kacallar nan tabo ne iya gwiwa. Ɗaya gefen gurbi ne mai zurfi, inda gorar kwalekwale ba ta taɓa ƙasa.

Na yi abin da kowane malami zai yi. Na ruga bakin ciyawa na ɗaga murya: "Jannat!" Ban kai ga na uku ba na ji tafin hannunka a bakina. Dattijon da bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Malam, nan ba aji ba ne," ka ce. "Kashe ta kake so ka yi?"

Ka kwance jar saniyarka mai karyayyen ƙaho, ka ɗaure ɗan maraƙinta a turke, ka kora ta ciki. Muka tsaya, mu goma sha tara, ba mai tari. Ko tsuntsayen sun yi tsit. Ba iska, amma can nesa ta wajen gurbin, kan ciyawar na kaɗawa a hankali, kamar wani na ratsawa. Na kalle ka. Kai ma wajen kake kallo, leɓɓanka na motsi. Da lokaci ya ɗan ja, maraƙin ya yi kuka, uwar ta amsa daga ciki. Aka jima, sai ga ta ta fito, Jannat na riƙe da wutsiyarta da hannu biyu, tabo har ƙugu.

Bayan ta sha ruwa ta natsu, ta ce mini, "Malam, kun daɗe kuna kirana. Tun kafin na ji kiran sallar rugar can. Ta hagu, ta wajen ruwa. Har na ɗaga ƙafa, sai na tuna maganar Baba."

Ni ban buɗe baki ba sai bayan mun idar da salla. Sau biyu kuma na kira.

Na tambaye ka mene ne wannan. Ka ce, "Ni ban yi boko ba, Malam. Kakana ya bar mini ƙa'ida, bai bar mini bayani ba." Har yau ban sami bayanin ba. Allah shi ne masani. Na dai san yarinyar da na kusa mayar wa uwarta a likkafani yanzu tana karatun ungozoma, kuma ta zo gaisuwarka tana kuka kamar jikarka.

Ranar addu'ar uku, da la'asar sakaliya, mutane sun ragu, na zaga bayan masaukin na tsaya ni kaɗai a inda ka saba tsayar da baƙi. Sai na ji an kira sunana, an ce, "Shu'ibu." A hankali, daga cikin kacalla, ta hagu. Muryarka ce, Baba, har da ɗan kakin nan da kake yi kafin magana. Wallahi zuciyata ta so ta amsa. Amma shekara goma da saninmu ba ka taɓa kirana da sunana ba, kuma kai ka ce a gidan nan ba a kiran mutum a can. Na tsaya inda nake, ina karanta Ayatul Kursiyyu. Ban san tsawon lokacin ba, sai na ji numfashi mai ɗumi a gwiwar hannuna. Jar saniyar ce, Buba na biye da ita. Bai tambaye ni komai ba. Na kama wutsiyarta, taku ashirin kacal zuwa ƙofar gida, ban kuwa ji kunya ba.

Buba ya ce masauki ba zai rufe ba. Wata mai zuwa zan kawo sababbin ɗalibai in Allah ya yarda, zan kuma tsaya a sahun gaba in saurari ƙa'idar daga bakinsa, ba murmushi.

Ya Allah, ka gafarta wa Baba Zarami. Ya sauki baƙinka bai gaji ba, ka kyautata masa masauki. Ka haskaka kabarinsa, ka tabbatar da harshensa wajen amsa tambaya, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Inna Hafsat, da Buba da ƙannensa, da makiyayan burtalin nan baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.